Ina son in haɗa PC na wasa a Tawa, kuɗɗina jika 450, mi zan fara saye?

Ɗan_Adar227 (Tawa)

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina gajiya, ya zahi. Dan Allah waɗanda sunka san harkar ordinater ku ba ni shawara don kaina ya ɗaure. Na jima ina tara ƴan kuɗɗi yanzu sun kai jika 450, kuma ni abin da nike so shi ne in haɗa PC na tebur da hannuna, ba portabul ba, don wanda nike da shi in na kunna eFootball bai daɗewa sai ka ji fankarshi na ihu, ƙasanshi bai taɓuwa, wasan kuma shina maƙalewa daidai lokacin da ka shiga sha takwas za ka buga, abokai na yi maka dariya.

Wasannin da nike so ba su da yawa, eFootball da FC da GTA V, sai Warzone in rezo ya yarda. Ina da tele mai HDMI 1080p, klabiye da suri da manet duk akwai, donk kuɗɗin na injin ne kawai.

Abin da na tsinto daga YouTube shi ne Ryzen 5 5600, kart mer (babban allon da ake dasa sauran kayan bisanshi) B450 ko B550 ban san wace ba, RAM giga 16, SSD tera 1. Inda na tsaya shi ne kart grafik, wato wadda ke zana hoton wasa. Wani mai shago a Yamai ya turo min hoton RX 580 mai giga 8 a WhatsApp, okaziyon ce amma ya ce kamar sabuwa take, kuma in na saya zai haɗa min da buwatiye, wato akwatin injin, mai gilashi da fitilu, da alim ɗinta mai raba ma kayan wuta ciki kyauta an rubuta 650W. Wani abokina kuma ya ce in bar wanga zance in nemi RTX 3060 tunda giga 12 gare ta, wai giga shi ne komi. Sannan ɗan baffana shina Faransa zai zo gida hutu, ya ce zai iya sako min ƙananan kaya cikin jakarshi amma banda masu nauyi.

To mi zan ce ya kawo min, mi zan saya nan? Kuma RX 580 ɗin nan in karɓa ko in bari? Na gode, Allah shi bar zumunci.

Malam_Gyara_Katako (Yamai)

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka duka amma wajen "alim kyauta" na tsaya, don duk sauran zancen bayanta yake. Ni aikina ke nan, injin da ya mutu shi ake kawo min, kuma mafi yawan PC na wasa da ke zuwa teburina ba kart grafik ta kashe su ba, alim ce da kuran ɗinmu.

Alim ɗin da ake sakowa kyauta cikin buwatiye in ka ɗaga ta da hannu ɗaya za ka ji ba nauyi, wayoyinta sirara, in ka leƙa ta ramukan baya rabin cikinta fili ne. 650W da anka rubuta da manyan baƙaƙe ba shi za ka duba ba. Akwai ɗan tebur a jikin takardar gefe, nemi inda anka sa +12V ka ga amper nawa ne ka ninka da 12, wannan shi ne ƙarfin da prosesar da kart grafik za su sha daga gare shi. Alim ta kirki mai 550W za ka ga wajen 45A a nan. Ta banza sai ka ga sun tara lissafin a 5V da 3.3V inda ba a buƙata da yawa, 12V ɗin ɗan kaɗan. Kuma ka duba an rubuta 100-240V, ma'ana in kuran ya faɗi ƙasa da 220 kamar yadda yake yi mana da maraice lokacin da kowa ya kunna kilim, ita ba ruwanta tana ci gaba da aiki. Tambarin 80 Plus Bronze shi kaɗai bai isa shaida ba, yana nuna ba ta ɓarnar wuta ne kawai, amma in ko shi babu to kar ma ka tsaya ciniki. Nemi Corsair ko Seasonic ko be quiet! ko Cooler Master, 550W zuwa 650W, sabuwa cikin kwalinta.

Kwanaki wani yaro ya kawo min inji, tun kafin ya sauke shi daga kabu-kabu na ji ƙaurin roba. Alim ɗinshi irin ta kyautar nan ce, ba ta da fish mai rami 8 na kart grafik, sai wani ya ba shi ƴar wayar da ke juya SATA ta koma 8. SATA abin da anka yi ta ta ɗauka 54W ne, fish mai 8 kuwa har 150W ake ja ta cikinshi. Robar ta narke ta manne da bakin kart ɗin, baƙi ƙirin, sai da na sa reza na kankare. Kart ta tsira, kart mer ba ta tsira ba.

Na biyu ondilar, akwatin batir ɗin nan da ke riƙe inji in an ɗauke wuta. Ba ka sa shi cikin lissafinka ba sam, kuma a ƙasar nan shi ma kayan PC ne kamar RAM. Cire kuɗinshi tun yanzu kafin ka san nawa ya rage na kart. Kar VA ta ruɗe ka, ƙaramin nan mai 650VA abin da yake ɗauka na gaske bai wuce 360W zuwa 390W ba, injinka in yana cikin wasa zai sha kusan 300W ga kuma tele, to ka ga ya zo wuya. Nemi 1000VA ko 1200VA mai AVR a ciki, shi ke daidaita hawa da saukar wuta. Kuma aikinshi ya ba ka ƴan mintoci ka ajiye wasa ka kashe inji da kyau, ba wai ka ƙare mach ba. Batiran ciki zafi na cinye su da wuri, ka sa a ranka za ka canza su, 12V 7Ah ko 9Ah ne akwai su kasuwa.

Ryzen 5 5600 zaɓi ne mai kyau, kor 6, 65W, yana zuwa da fankarshi cikin kwali. Abu ɗaya ka sani, ba shi da hoto na kanshi, in ba kart grafik baƙin ekran kawai za ka gani. Mai G a ƙarshe wato 5600G shi ke da hoto, amma an rage mishi kash, wato ƴar ma'ajiyarshi mai sauri, daga mega 32 zuwa 16, tunda za ka sa kart ka bar shi. Kart mer kuma ni B550 zan ce maka. B450 tana ɗaukar 5600 amma in tsohuwar ajiya ce sai an sabunta BIOS, wato ɗan shirin cikinta da ke tada inji, kuma ba ta tashi da sabon prosesar balle ka sabunta, sai ka ari tsohon Ryzen ko ka dace da mai maɓallin Flashback a baya da ke sabuntawa ko ba prosesar. A Tawa wa zai ara maka? In ma ya kama sai ka yi, to bisa ondilar za ka yi, in wuta ta tafi tsakiyar sabunta BIOS ka shiga uku.

Ɗan baffanka ya kawo prosesar da RAM da SSD, duka aljihun jaka ɗaya ya ishe su. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne bai motsi, donk jika 450 ɗinka wajen yuro 686 ke nan, da haka za ka riƙa auna farashin can da na nan. Buwatiye da ondilar nan za ka saya, nauyi gare su.

Baban_Fada (Yamai, Bukoki)

Kai jama'a 😂 duk wannan lissafin amper da wat don a buga ƙwallo? Ɗan uwa ka sayi PS5 ko ma PS4 okaziyon ka jona da tele ka huta, canjin ka sai mana shayi da sukari a fada. Ba BIOS ba direba ba pat termik. Duk wanda na sani mai PC rabin lokacinshi gyara yake rabi yana kallon digiri nawa injin ya kai, mu kuwa muna ta cin kofi. In dai FC da GTA ne wallahi konsol ta ishe ka.

Mai_Sal_Tawa (Tawa)

Baban_Fada ka bar yaro da abin da ranshi ke so. Ni ina da su duka biyu cikin sal ɗina, konsol da PC, kuma konsol ɗin ma ƙura na toshe ta, bambancin shi ne PC ina buɗe shi da sukurudireba ɗaya in share in maida.

Ɗan_Adar kai ɗan gida ne, ka san watan Afrilu da Mayu a garin nan, 44 ko 45 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai wanda ya zamna ciki. Masu bidiyon da kake kallo cikin ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke gwaji, in sunka ce kart ta tsaya a 65 to kai ƙara mata ashirin kusan, don fanka ba ta sanyaya komi, iskar ɗakinka take turawa ciki, in iskar mai zahi ce to mai zahi za ta shiga. Shi ya sa buwatiyen gilashin nan mai fitilu ni ban son ko ganinta. Yawancinsu gaban a rufe yake ruf, fanka uku na juyawa bayan gilashi suna ado ba inda za su ja iska sai wata ƴar tsaga a gefe. Nemi mai raga a gaba, wadda in ka kara tafin hannunka za ka ji iska na shiga. Fanka biyu ko uku na 120 a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya shina fitarwa. Masu shigarwa su fi masu fitarwa yawa, haka iska za ta riƙa fita ta ramuka maimakon ƙura ta shigo ta nan.

Ƙura kuma ita ce babbar maganar. Lokacin hunturu in buji ya taso, raga ta gaba cikin ƴan kwanaki take komawa ja. Amma wadda ke kashe inji ba wadda kake gani ba ce, ita ce wadda ke shiga tsakanin haƙoran radiyater na prosesar ƙarƙashin fanka, tana haɗuwa da zaren tufafi ta zama kamar auduga, ka sa tsinke ka ɗago ta ta taso gaba ɗaya zagaye guda. Daga waje injin tsaf, ciki prosesar na kai 90 shina rage gudu da kanshi don kar ya ƙone, kai kuma ka ce wasa ne ke maƙalewa. Ni abin da nike yi, in fitar da shi tsakar gida da sahe, in cire fish, in hura da bulowa irin ta masu gyaran rediyo, in riƙe kowace fanka da yatsa kar iska ta juya ta fiye da kima. Banda tsumma mai ruwa. Kuma kar ka aje shi ƙasa bisa tabarma, ɗora shi bisa tebur nesa da taga, in ka gama ya huce ka ruhe shi da zane, amma in shina aiki kar ka bar komi bisanshi.

Fankar da ke zuwa cikin kwalin 5600 tana aiki a ƙasar sanyi, nan kuwa tana yi amma da kuka. In kuɗɗi sun rage ka ce ma ɗan baffanka ya ƙaro radiyater mai tsayi irin mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka 120, da ƴar sirinjin pat termik guda, man nan da ake shafawa tsakanin prosesar da radiyater. Na ruwa kuwa ka manta da shi, ranar da pampo ya tsaya ba mai gyara maka shi nan, na iska ko fankar ta mutu sai ka ɗaura wata.

In ka haɗa ka zo da shi sal mu hura mishi iska tare, bulowa na nan.

Hadiza_Info (Yamai, Harobanda)

Salam. Malam_Gyara ya gama magana kan alim ban da abin ƙarawa, amma ba wanda ya amsa tambayar kart ɗin kai tsaye, to bari in ce wani abu.

RX 580 ta fito tun 2017. A lokacinta jaruma ce, har yanzu tana buga GTA V da eFootball a 1080p ba matsala, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma tana shan 185W. RX 6600 ta 2021 giga 8 ce ita ma, tana shan 132W kuma ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. RTX 3060 170W, RTX 4060 ta 2023 kuwa 115W kacal. Ni yadda nake kallon kart a ƙasar nan ke nan, wat nawa take ci kafin ta ba ni hoton, don duk wat ɗin da ta ci zafi ne zai fito cikin ɗakinka, kuma shi ne ondilar zai ɗauka, kuma shi ne za ka biya a kontar. Da kuɗin da kake da su RX 6600 ita ce daidai, in ɗan baffanka ya dace da 4060 cikin rahusa to madalla. Zancen abokinka na giga shi ne komi ba haka ba ne, giga wurin ajiya ne kawai, ƙarfin yana cikin guntun da ke lissafi. 12 ɗin 3060 abu ne mai kyau ban musa ba, amma a tele 1080p da wasannin da ka lissafa ba za ka cika 8 ba sai in ka ɗaga komai sama a Warzone.

Sannan RX 580 da ke yawo okaziyon da yawansu daga wajen masu haƙar kirifto suka fito, sun yi shekaru suna aiki dare da rana, da Ethereum ta daina haƙa da kart a Satumba 2022 aka zubo su kasuwa, wasu an wanke an sa musu sabuwar riga da sabon kwali. Akwai kuma wadda ake kira RX 580 2048SP, sunan ne kawai, ta asali shader 2304 gare ta, wato ƙananan masu lissafin cikin guntun, ita kuwa 2048, wannan kusan RX 570 ce. Har ma da na jabu gaba ɗaya, na taɓa ganin wadda aka rubuta GTX 1050 Ti a jiki ga kuma ramin VGA shuɗi a bayanta, cikinta tsohuwar GTS 450 ce aka canza mata suna a BIOS, Windows na nuna sunan ƙarya lafiya lau sai ka kunna wasa ta faɗi.

Donk kart okaziyon ba a sayenta da hoton WhatsApp, kamar ragon layya ne sai ka buɗe baki ka ga haƙora. In dole sai ita, ka samu wani naka a Yamai ya je shagon da kle USB mai shirye-shiryen gwajin kart GPU-Z da FurMark. GPU-Z zai nuna ainihin guntun da yawan shader, in jabu ce sau da yawa yana rubuta FAKE gaban sunan. Sai a kunna FurMark minti ashirin ko talatin ana kallo, in an ga ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka a ekran, ko hoto ya ɗauke ya dawo, ko fanka ɗaya na karkarwa, a aje musu kayansu. A duba sukurorin baya ma, in kansu ya cinye to an sha buɗe ta. Mai shagon da ya ƙi a gwada gabanshi ya riga ya ba ka amsa.

Baban_Fada kuma ka sani PC ɗin nan da shi zai yi karatu, ya yi montaj na bidiyo, ya buga takardu, kuma ba ya biyan abonma don ya yi wasa a intanet. Ku ci gaba da cin kofinku 😄

Ɗan_Adar227 (Tawa)

Kai na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Malam wallahi ondilar bai zo min a rai ba ko kaɗan, kuma unguwarmu in anka ɗauke wuta anka maido har ƙwan ɗaki sai ya yi wani haske na daban. Yaya Hadiza na bar zancen 580, na gaya ma mai shagon a gwada ya ce wai shi bai da lokaci kaya na da masu so, to su saya. Na tura ma ɗan baffana sunan RX 6600 ya ce in an cire ta daga babban kwali za ta shiga jaka.

Saura tambaya biyu. RAM ɗin in sayi sanda guda mai 16 don in ƙara wata gaba, ko biyu masu 8? Don ya ce min RAM ta yi tsada yanzu can ma ba kamar da ba. Na biyu, ni ban taɓa haɗa inji ba, shin in sa a haɗa min a Yamai a sako shi cikin kar zuwa Tawa, ko in kwaso kayan in haɗa nan? Tsoron hanya nike ji, kun san yadda ake jibga kaya. Mai_Sal ina nan zuwa in sha Allah, ni ne mai zuwa da jar riga ana cin mu kullum.

Malam_Gyara_Katako (Yamai)

Biyu masu 8, DDR4 3200, 'yan kwali ɗaya. Ryzen na son sanda biyu don hanya biyu yake ɗebo bayanai a lokaci guda, da sanda ɗaya ka toshe mishi hanya ɗaya, kuma a wasa za ka ji shi, ba a yawan FPS wato hotuna nawa a sakan kawai ba har da ƴar tsayawar nan da kake kuka da ita. B550 mai rami huɗu ka saya, gaba in ka samu kuɗi ka ƙara. Ramukan da za ka sa su na biyu da na huɗu ne in ka ƙirgo daga wajen prosesar, A2 da B2, littafin kart mer zai nuna maka. Ka danna har ka ji ƙas. In ka tashi injin ka shiga BIOS ka kunna XMP, a ASUS DOCP suke ce mishi, in ba haka ba RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 za ta zauna tana aiki a 2133 ko 2400 ba ka sani ba. Kana ciki ka tabbata fTPM, tsaron da ke cikin prosesar, a kunne yake don Windows 11 na nemanshi, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa mishi tun 14 ga Oktoba 2025. Tsadar RAM gaskiya ya faɗa maka, masu manyan injinan AI sun kwashe kaya, shi ya sa ma nake cewa ka zauna AM4, wato soket ɗin 5600 ɗin nan, da DDR4, sabuwar AM5 DDR5 kawai take ci kuma kuɗinka ba za su kai ba.

Zancen hanya, haɗa shi a Tawa. Kowane kaya cikin kwalinshi ya fi jure Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni a kan inji haɗaɗɗe. Kart grafik nauyi gare ta kuma ɗan rami ɗaya da sukuru biyu ke riƙe ta, kar ya faɗa gargada ita ta yi ta lilo har ta tsage ramin PCIe. Duk ranar da za ka yi tafiya da shi ka cire kart ka riƙe ta cikin jakarka bisa cinya.

Haɗawar ba wuya, natsuwa take so. Prosesar AM4 ƙafafunshi a jikinshi suke, siraran allurai, akwai ɗan kusurwa mai alamar zinariya ka daidaita da alamar soket ka sake shi ya faɗa da kanshi, in bai faɗa ba kar ka danna, ɗaga ka sake dubawa. Ƙasan sabon radiyater akwai ƴar leda mai rubutu, ɓare ta, na sha buɗe inji mai zafi in tarar da ita kwance bisa prosesar. Pat termik kamar ƙwayar wake a tsakiya ta isa, fankar cikin kwali ma da nata a shafe take zuwa. Ka ƙirga ƴan ginshiƙan tagulla da kart mer ke zama a kai su yi daidai da ramukanta, ɗaya ya wuce wuri zai taɓa bayanta ya haɗa wuta. Fish mai 8 na prosesar da ke sama ta hagu kar ka manta shi, kuma ba ɗaya yake da mai 8 na kart grafik ba ko da sun yi kama, an rubuta CPU a ɗaya PCIe a ɗaya. Wayar HDMI kuma a bayan kart grafik za ka sa ta, ƙasa, ba ramin kart mer na sama ba. Kusan duk wanda ya kira ni da dare yana cewa sabon inji ya ƙi nuna hoto wannan ce.

Tashin farko zai iya ɗan jimawa da baƙin ekran yana gwada RAM, ba shi minti ɗaya ko biyu kafin hankalinka ya tashi.

Hadiza_Info (Yamai, Harobanda)

Ƙari kaɗan ƙanena. Tunda tele za ka yi amfani da ita ka shiga reglaj ɗinta ka nemi Mode Jeu ka kunna, in ba haka ba za ka danna pas a manet ɗan wasa ya ba da ita a makare, ka zagi PC alhali tele ce ke ƙawata hoto kafin ta nuna. Kuma yawancin tele 60Hz ne, ka kulle wasan a FPS 60, kart za ta rage aiki ta rage zafi, abin da ya wuce haka ba ka ma ganinshi.

SSD ɗin ya zama NVMe M.2, B550 na da raminshi, ba waya ko ɗaya. Ka ce ya sayo a shago ya riƙe fakti ɗin kowane kaya, garanti da shi ake nema.

Mai_Sal_Tawa (Tawa)

Af, ashe kai ne mai jar riga 😂 to ai ba PC ce matsalarka ba, tsaron baya ne.

Abu guda da ba wanda ya taɓo, priz ɗin ɗakinku na da waya ta ukku ta ƙasa? Gidaje da yawa nan waya biyu kawai anka ja. In babu, ranar da ka taɓa bayan buwatiye ƙafa ba takalmi za ka ji tana ɗan cizonka, kuma kariyar da ke cikin ondilar da ralonj ba ta aiki yadda ya kamata in ba inda za ta zubar da wutar da ta yi yawa. Kira mai aikin kuran ya kafa maka ƙarfe a ƙasa ya ja waya zuwa priz ɗaya tak, wadda injin zai zamna kanta, ba aiki ne mai tsada ba. Nan ƙasa busassa ce, ka ce ya kafa shi inda ke samun danshi, kusa da inda ake zubda ruwa. Damina kuma in hadari ya haɗu ka ji tsawa, cire fish gaba ɗaya daga bango har da wayar rezo in akwai, kashewa kawai bai isa ba.

Yaushe ɗan baffan naka ke sauka? In akwai sauran wuri cikin jakar ka ce ya ƙaro min fanka 120 guda biyu da pat termik, in ba ka kuɗɗin nan hannu da hannu.